Ranar da Na Taka Tabarmar Hamani

Ɗiyata Mariyama ce ta sa na rubuta wannan babi, ko da yake ba ta sani ba. Bara da ta zo hutu daga Yamai, inda take karatun Ingilishi a jami'a, muna zaune tsakar gida bayan mun dawo daga jana'izar wani maƙwabcinmu. Mutumin kirki ne, sai dai a iya sanina bai taɓa samun raka'ar farko a masallaci ba, kuma ran nan ma sai da aka daɗe ana jiran gawarsa daga asibiti. Na ce Allah Ya jiƙan Malam Idi, yau ma sai da liman ya jira shi. Mariyama ta sunkuyar da kai, ta faɗa wa ƙanenta wata kalma ta Ingilishi a hankali, tana zaton ta wuce ni. Ba ta wuce ni ba. Na san kalmar tun uwarta tana amarya.

Ku ƙanana ba ku san ni ina tuƙi ba, kun tashi kun tarar da tsoho a kan buzu. To, na ja kamiyo, babbar motar kaya, daga Agadas zuwa Tamanrasat da Sabha, na yi Kano, na yi Kwatano da Lome, na zauna Tema ta ƙasar Gana har Ingilishi ya zauna a bakina. Da aka shiga zamanin Turawa masu yawon buɗe ido sai na koma ɗaukarsu a ƙaramar mota, ni ne direba ni ne tafinta. A wata tafiya, muna dawowa daga garin Fashi, mota ta mutu mana tsakiyar hamadar Tenere, ruwa ya yi ƙasa a bido, wato jarka, ba mu ga ƙurar kowa ba. Cikin fasinjojin akwai wata Baturiyar Ingila, malamar makaranta ce mai furfura. Ta tambaye ni yaushe taimako zai zo. Na ce mata kada ta damu, ko ungulu ba ta zuwa nan, saboda haka gawarmu za ta zauna da kyaunta. Ta dube ni ta jefo mini wannan kalma. Bayan ayarin gishiri ya tsince mu, hankali ya kwanta, na ce ta fassara mini. Ta ce ana faɗa wa wanda ya kawo raha a inda ake bukatar nutsuwa, wanda ya mai da babban abu abin dariya, ko da ba da mugunta ya yi ba. Ta ce ba zagi ba ne sosai, tsawa ce, irin wadda take yi wa ɗalibanta.

Na daɗe ina juya kalmar nan a kan hanya, don direba ba ya rasa lokacin tunani. Faransawa sai sun haɗa kalma biyu ko uku kafin su faɗi abin da ta faɗa da guda. Larabawan da na zauna da su a Sabha sun raba magana gida biyu, ta gaske da ta wasa, ba su son a zuba ɗaya cikin ƙwaryar ɗaya. Abzinawa, dangin uwarku, ba su ma bukatar faɗa, dattijo ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ka san ka yi ɓarna. Mu kuma muka ce wargi ma wuri gare shi. Baturiyar nan ta yi gaskiya, domin ni da ita babu abin da ya ɗaure mu sai kujerar mota, ba ni da hurumin yi mata wasa da mutuwarta. Amma na lura kalmar tasu lokaci da wuri kawai take dubawa. Ba ta tambayar wane ne ya yi wasan, da wa ya yi shi, ko mi ke tsakanin kakanninsu. A nan ne ta gaza, kuma a nan ne labarin da kuka ji a bakin mutane ya karkace.

Na san abin da ake faɗa a garin nan. An ce Alhaji Mamman Bagobiri ya tsaya kan gawa a filin zinariya na Cibarakatan yana ba'a. Haka aka yi. Ga yadda aka yi.

Shekarar da zinariya ta ɓulla a arewa, Turawa sun daɗe da daina zuwa, motocinmu suna ruɓewa a gareji. Garin nan ya zube can kamar an buɗe bakin buhu. Yayanku Laminu ya sayar da babur ɗinsa ya tara samari ƴan gidanmu na Tibiri, suka kama rijiya, wato ramin da ake bi a tono dutsen zinariya. Ni tsufa ya hana ni shiga rami, sai na karɓi wata sitarne, motar tanki, ina kai ruwa, don a can dutse ne da rana, ɗigon ruwa sai an kawo shi daga nesa. Wurin ya tara kowa: mutanen Damagaram da na Maradi, Zamfarawa daga Najeriya, Tubawa, ƴan Sudan masu na'urar gano zinariya. Dab da rijiyar Laminu akwai ta wasu Zabarmawa daga wajen Doso. Babbansu wani dattijo ne sa'ana, Hamani, tsohon mai gadi a Arlit, siriri mai gemu kamar na bunsuru. Ban san shi sosai ba. Sau biyu ko uku na sayar masa da ruwa, yana ce mini mai fuskar da kaza ta tona saboda zanen Gobir da ke kumatuna, ina ce masa ɗan cin ganye. Iyakar saninmu ke nan.

Ku da kuka tashi a Agadas cikin gauraye kuna ɗaukar wannan abin nishaɗi ne na tasha. Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kowa yana iya shiga gidan wani ya ɗauke tukunya daga kan murhu. Ba a fushi. Abin da ba ku sani ba shi ne ƙasan abin: ba a zubar da jini tsakani, tsofaffi sun ce wanda ya yi ba ya gamawa lafiya, shi da zuriyarsa. Kuma in abokin wasa ya jefo maka magana ka mayar masa, ka amsa cewa igiyar tana nan. Ba ka da damar mayar da wasa da baki sannan ka ɗaga hannu.

Ran da abin ya faru na iso da hantsi, sitarne cike. Tun daga nesa na ga ba ƙura a kan rijiyoyin, injuna duk shiru. Wani Bazamfare ya tare ni ya faɗa mini. Rijiyoyin biyu sun bi jijiyar dutse guda a ƙarƙashin ƙasa har sun kusa haɗuwa, ba wanda ya sani. Da safe mutanen Laminu suka sa nakiya. Sun yi kiran gargaɗi kamar yadda aka saba, amma injin Zabarmawa yana ruri, ba a ji ba. Bango ya rufta kan wani saurayi, Saini, ɗan ƙanen Hamani. An fito da shi ba rai. Yayansa Jibo ya rantse ba za a binne shi ba sai an miƙo Laminu. An aika a kira sojoji, amma motarsu ta fita sintiri, ba a san lokacin dawowarta ba. Wani malami ya je ya yi musu wa'azin haƙuri da ƙaddara, suka ce shi ma Bahaushe ne, nasa yake karewa, suka kore shi.

Na sami Laminu cikin rumfarsu ta buhuna, samarinsa sun kewaye shi, kowa da guduma ko ƙarfe a hannu. Idonsa ya yi ja.

“Baba, wallahi mun yi kira. Sau nawa muka yi kira.”

“Na ji. Ku aje ƙarafan nan.”

“In mun aje su yanka mu kamar kaji? Ka juya motarka ka tafi, Baba. Ba wurin tsofaffi ba ne.”

“Kai ka haife ni ko ni na haife ka? Kada wanda ya fito sai na kira sunansa.”

Tsakanin rumfar da inda Zabarmawa suka taru ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba, ni da na ƙetare Tenere ba adadi. Ina tafe ina lissafi. In na yi sallama na yi ta'aziyya, na zama uban mai laifi da ya zo roƙo, abin da suka yi wa malami za su yi mini, ko fiye. In na yi maganar hukuma, na ƙara wa wuta isansi. Abu guda ya rage mini, shi ne fuskata. Na warware rawanina na rataya a kafaɗa don kowa ya ga zanen.

Sun shimfiɗe yaron a inuwar wata mota, an rufe shi da bargo. Hamani yana zaune kan tabarma kusa da kansa, da butar shayi a gabansa wadda wani ya dafa ba wanda ya taɓa. Samari tsaye, sun fi ƙarfin ƙirga, Jibo a gaba da diga a hannu, ƙura har gashin ido, don shi ya tono ƙanensa. Suka buɗa mini hanya, ina jin don mamaki ne. Ban yi sallama ba. Na hau tabarmar Hamani da takalmina, na tsuguna, na zuba shayinsa na kurɓa, na tofar gefe.

“Kai bawa, wannan ruwan wankin ne kake ajiye wa ubangijinka?”

Na ji wani ya ja numfashi a bayana. Hamani bai ɗago ba. Na nuna bargon da haɓa, na ɗaga murya yadda na baya za su ji, da Zabarmancin da na koya a tashar Yamai.

“Wa ya ba yaron nan izinin tafiya? Kayana ne, ba a tambaye ni ba. Ku Zabarmawa ko mutuwa ba ku iya ba. Allah Ya ba ku kogi guda cur, ku bar shi ku zo ku mutu inda babu ruwan da za a yi muku wanka. Wa zai wahala? Ni, Bagobiri, mai ku.”

Jibo ya taho. Na ga inuwar digar a kan tabarma kafin na gan shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kalmar shahada a zuci. Ban waiwaya ba, na zuba wa Hamani ido, domin komai yana bakinsa. In ya yi shiru, ni ne na farko, Laminu na biyu, kuma kafin la'asar ba wanda zai iya ƙirga sauran. Tsohon ya daɗe yana kallon takalmina a kan tabarmarsa. Wasu tsofaffin takalman fata ne na Agadas, jajaye, duk sun sha gyara. Can gemunsa ya motsa.

“Mai fuskar da kaza ta tona,” ya ce, “sauke ƙazaman kofatanka daga tabarmar ubangijinka.”

Wani daga baya ya yi wata irin dariya, guda ɗaya, kamar tari, ya toshe baki. Sai Hamani ya kama wuyan rigata da hannu biyu ya kifa kansa a ƙirjina ya fashe da kuka, kukan da ya riƙe tun safe. Yana kuka yana zagina, yana cewa mi zai faɗa wa uwar yaron, shi ya ɗauko shi daga gona. Na riƙe shi ina cewa yi shiru, ragon banza, a gaban ubangijinka kake kuka.

Jibo bai sauke digar ba.

“Baba Hamani, ɗansa ne ya kashe Saini. Wasa zai dawo da shi?”

Hamani ya share fuska da hannun riga.

“Ba zai dawo da shi ba. Amma na amsa masa, kowa ya ji. In za ka sare shi, sare shi, sannan ka nemi wanda zai kai ka gida, don ni ba zan shiga mota ɗaya da kai ba. Ka faɗa wa uwarka da bakinka cewa ka ƙara mata jinin Bagobiri a kan makokinta.”

Sannan ya miƙo hannu ya ce ya ci ni tara, a ba shi takalman da suka taka masa tabarma. Na tuɓe na ba shi, ya tura su ƙarƙashin cinyarsa. Na miƙe na juya wajen rumfarmu na ƙwala kira:

“Laminu! Fito da digarka, kai kaɗai. Kayanmu ne ya faɗi, mu za mu haƙa.”

Wannan ne wurin da na fi jin tsoro, fiye da na farko. Na kira ɗana cikin mutanen da suka rantse a kansa, da ƙarfe a hannunsa. Ya fito. Allah Ya yi masa albarka, ya fito kansa a sunkuye, ya ratsa su ba wanda ya taɓa shi. Na buɗe famfon sitarne, ni da Hamani da malamin nan da aka kora muka yi wa Saini wanka da ruwan da na kawo sayarwa, na ce sauran kowa ya ɗiba, ran nan ba ciniki. Ƙasar can dutse ce, kabari ba ya haƙuwa da sauƙi. Laminu ya yi ta sara har tafin hannunsa ya fashe, jini yana bin ƙotar. Jibo yana tsaye a kansa yana kallo. Can ya diro cikin ramin, ya fizge digar daga hannun Laminu, ya ture shi gefe, ya ci gaba da haƙa. Bai ce masa komi ba, ran nan ko bayansa. Ni kuwa na raka gawa ba takalmi a kan dutsen azahar, don Hamani ya hana kowa ya ara mini. Tabon yana nan a tafin ƙafata, wanda jikokina suke tambaya ina ce musu kunama ce.

Kada ku zaci a banza aka samu. Bayan an binne, na ce rijiyar Laminu a rufe ta, ba za a ci arziki ta ramin da ya ci yaron mutane ba. A lokacin ta fara bayarwa. Laminu ya ce na ceci ransa na yanka masa wuya. Ya koma filin zinariya na Jado, ya daɗe bai taka gidan nan ba, ko Sallah sai dai ya aiko da gaisuwa ta bakin wani. Ni ma mai sitarne ya karɓe motarsa saboda ruwan da na rabar. Labari kuma ya riga ni isowa gida, an yanke masa kai da ƙafa, saura tsakiyar: Alhaji ya tofar da shayi a kan gawa. A masallacin unguwa wasu suka daina matsa mini a sahu. Uwarku ta tare ni a zaure, ko ruwa ba ta ba ni ba.

“Alhaji, da furfurarka? Mata sun zo har ɗakina suna yi mini jaje kamar ka haukace.”

“Hajiya, yaronki yana da rai.”

“Na sani. Na gode wa Allah. Amma a gidanmu ko yaro ba ya ɗaga murya inda aka shimfiɗe mamaci. Babu wata hanya sai wannan?”

“Malam ya gwada taku hanyar, sun kore shi.”

Ta duba ƙafafuna da aka naɗe da tsumma, ta tafi ta dafa ruwan bagaruwa. Tana wanke mini tana cewa bakin nan nawa shi zai kashe ni wata rana. Ba ta ce na yi daidai ba. Uwarku ba ta faɗin irin wannan, kun san ta.

Bayan damina biyu, wata ranar Juma'a da hantsi, muka ji ana dukan ƙofa da sanda ana ihu:

“Ina bawan nan da ya gudu? A fito mini da shi, a kawo mini hura mai nono, ba irin ta Gobirawa mai tsami ba!”

Hamani ne, zai koma Doso gaba ɗaya, ƙafarsa sanye da jajayen takalmana. A bayansa Laminu ne riƙe da jakarsa. A tasha ya gan shi, ya kama kunnensa a gaban mutane ya ce ɗan bawansa ba ya gaba da uba sai da izininsa, ya jawo shi har gida. Ran nan Hamani ya bi ni masallaci ya zauna a sahun gaba, bayan an sallame ya ba da labarin tun daga kai har ƙafa, yana yi yana cewa kada a yaba mini da yawa, Bagobiri in an yabe shi kumbura yake. Uwarku da kanta ta dama masa hurar. Da ya kurɓa ya ce ba laifi, ta ce daga bayan labule ai ba don shi aka dama ba, ragowar ta awaki ce. Tsohon ya yi dariya har ya ƙware. Abzinawa ma abokan wasansu ne, ni na manta, ita ba ta manta ba.

To, Mariyama, kalmarki tana da kyau, ki riƙe ta, akwai ranar da za ta yi miki amfani, akwai ma ranakun da ta dace da ni. Amma ban da ranar Cibarakatan. Laminu yanzu yana da shagonsa da ƴaƴansa huɗu, kowane ɗayansu ta kan tabarmar nan ya biyo ya zo duniya.

Hamani yana nan da rai, yana kirana a salula duk Sallah ya tambaya ko na mutu. Ya yi alkawari in na riga shi zai zo, in ya riga ni ya bar wa Jibo saƙon, kuma Jibo ya karɓa. Saboda haka ran da kuka shimfiɗa tabarmar zaman makokina, in wani Bazabarme ya shigo ba sallama, da wasu jajayen takalma da suka sha gyara, ya hau tabarmar ya ce shayinku ruwan wanki ne, kada wanda ya ja rawani ya rufe hanci, kada wanda ya yi masa Ingilishi. Laminu, kai za ka amsa. Ka ce masa ɗan cin ganye, sauke kofatanka, sannan ka karɓe takalman. Nawa ne.